Renon irin yalo a cikin ɗaki

Malam, ka ce irin yalon da ka shuka a ɗaki ya ƙi tsirowa. Galibi sanyi ne, balle da hunturu. Yalo ɗumi yake so, digiri 25 zuwa 30. Gauraya ƙasa mai laushi da ruɓaɓɓen taki da ɗan yashi a gwangwanin da ka huda gindinsa. Kada zurfin irin ya wuce rabin santimita. Yayyafa ruwa, rufe da leda. Kwana 7 zuwa 14 zai ɓullo. Nan take cire ledar, kai shi bakin taga, in ba haka ba ya miƙe siriri ya kwanta. Yawan ban ruwa kuwa ruɓar da karan yake yi daga tushe. Bayan sati 6, riƙa fitar da shi inuwa na mako guda, sannan ka dasa da yamma.