Kulle takardun lissafi da GnuPG kafin a tura wa wakili

Tambaya: Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, ina da wakili a Guangzhou. Lissafin kaya da lambobin asusu duk ta imel muke musayarsu. Yarona ya ce ana iya kulle fayil ta yadda wakilin kaɗai zai buɗe. Yaya ake yi, kuma nawa zai ci?

Amsa: Alhaji, ko sisi ba za ka biya ba. Manhajar ita ce GnuPG, wadda Bajamushe Werner Koch ya fitar a 1997. Yawancin kwamfutocin Linux da ita suke zuwa, mai Windows kuma ya sauke Gpg4win.

Makulli biyu kowa ke riƙewa. Na fili kamar kwaɗo ne da kake raba wa abokan ciniki su kulle maka saƙo, na sirri kuwa shi ne ɗan makullin da ba ya barin aljihunka. A tagar rubuta umarni ka buga:

gpg --full-generate-key

Ka ba shi wa'adin shekara 2, da doguwar kalmar sirri. Sai ka fitar da na fili ka aika wa wakili, shi ma ya aiko nasa ka shigar da shi (a wurin Alhaji da Wakili ku sa sunayen da ke kan makullanku):

gpg --armor --output alhaji.asc --export Alhaji
gpg --import wakili.asc

Nan ne mutane ke gaggawa su yi asara. Wanda ya kutsa cikin imel ɗinku zai iya aiko maka makullin kansa da sunan wakili. Don haka ka buga gpg --fingerprint Wakili, za ka ga jerin haruffa da lambobi 40. Kira shi a waya, ka ji muryarsa, ya karanto nasa ku kwatanta har ƙarshe, ba huɗun farko kawai ba. In sun dace, ka tabbatar da shi da gpg --lsign-key Wakili. Kullewa kuma:

gpg --sign --encrypt -r Wakili -r Alhaji lissafi.pdf

Za ka samu lissafi.pdf.gpg, shi za ka tura. Lura na sa sunanka cikin masu karɓa, domin in ka bar na wakili kaɗai, kai da ka kulle ba za ka iya buɗewa ba. Ainihin fayil ɗin kuma yana nan a buɗe a kwamfutarka, haka rubutun imel ɗin kansa ba a kulle yake ba, kada ka rubuta adadin kuɗi a can. Buɗe abin da ya aiko:

gpg --output rasit.pdf --decrypt rasit.pdf.gpg

Ka kwafi makullinka na sirri da gpg --export-secret-keys a filasha, ka ajiye inda kake ajiye takardun shago. In ya ɓace ko ka manta kalmar sirri, babu ofishin da za ka kai kuka, fayilolin sun tafi.

A ganina sa hannun nan na --sign, wanda ke tabbatar da wanda ya aiko fayil da kuma cewa ba a sauya shi ba, ya fi kullewar ma amfani ga ɗan kasuwa. Damfarar da aka saba ita ce a canza lambar asusu a takardar biya, ka tura dalolinka ga ɓarawo. Ku yi yarjejeniya da wakili cewa duk takardar da ke ɗauke da lambar asusu sai da sa hannunsa. In ka buɗe ba ka ga "Good signature" da sunansa ba, ka dakatar da biyan, ka ɗauki waya.