Gonar Bakin Birni: Jiran Fuloti Kawai Take Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna da gonar gado a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ungogo, ga shi gari ya kusa cim mana. Yayyena sun ce a yanka ta fulotai, wai ƙauyen bakin birni ba shi da aiki sai jiran ranar da Kano za ta haɗiye shi. Haka abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ban yarda da yayyenka ba, ko da yake na san abin da suke hange.

Ka yi asubanci ka je kasuwar Yankaba, ka tsaya ka ga buhunan latas da alayyafo da karas ana sauke su, ganyen ko yaushi bai yi ba. Da yawansu daga lambunan bakin gari suke, irin na gefen kogin Jakara. Kayan gwari ba ya jure doguwar tafiya, shi ya sa kusancin da kuke gani kamar barazana shi ne jarin mai lambu. Amma kada in ɓoye maka: ruwan Jakara da na rafin Getsi na ɗauke da dattin gidaje da na masana'antun Bompai, kuma da shi ake ban ruwan. Ƙauyen na ciyar da birni, yana kuma shanye ƙazantarsa.

Wannan cuɗanya ta daɗe. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin ƙauyukan kewayen Kano tun shekarun 1960, ya nuna yadda ake noma gona guda kowace shekara ba hutu, ba ta kuma mutu ba. Sirrin taki ne. Da rani jaki zai shiga birni da itace, ya fito da mangala cike da shara da toka da kashin dabbobi, a jibge a gona tsibi-tsibi kafin damina. Yau tifa ta karɓi aikin jakin, sai dai sharar yanzu leda ta yi mata yawa.

Sauran ayyukan da ƙauyen ke yi wa birni ba sa ɓoyuwa. Ruwan famfo daga Tamburawa da Challawa yake zuwa, yashin gini ma daga kogi. Kasuwar hatsi ta Dawanau a ƙasar Dawakin Tofa take. Ma'aikacin da hayar cikin gari ta fi ƙarfinsa a nan yake kwana.

Akwai kuma aikin da ba mai biyan ku ko sisi a kansa: gona da fadama da kududdufi su ke shanye ruwan sama. Duk unguwar awon igiya da aka cike kududdufinta aka dasa bulo ba magudana, a watan Agusta ake gane kurenta.

Dillali kuɗin fili kawai zai ba ku, sau ɗaya. Idan sayarwar ta zama dole, ku yanka tudun, ku bar fadamar. Ku kuma nemi takardu tun yanzu, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma in gwamnati ta karɓi wuri, diyyar ta amfanin gona ce da gini da itatuwa, ba ta ƙasar kanta ba.