Ana Iya Kiwon Mesa a Gida?

Tambaya: Malam, na ji cewa a Amurka da Turai ana ajiye mesa a gida. Shin ba ta da dafi ne, kuma me kiwonta yake buƙata? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, mesa ba ta da dafi, sai dai tana cizo, kuma kanannaɗe abin da ta kama take yi, ta matse shi har ya mutu, sannan ta haɗiye shi ɗungurungum. Babbar mesar dazuzzukanmu tana iya wuce mita 4, saboda haka ban ga hikimar ajiye ta a gidan da yara suke ba. Wadda aka fi kiwo ƙarama ce, mai dunƙulewa idan ta tsorata, wadda ake fitarwa daga Gana da Togo da Benin, kuma da wuya ta wuce mita 1.5.

Ita ma ɗawainiyarta ba kaɗan ba ce, domin tana iya rayuwa fiye da shekara 20. Tana buƙatar akwati mai murfi ƙwaƙƙwara, da maɓoya, da ruwa mai tsabta, sannan gefe guda ya kai zafin digiri 31 ko 32, ɗaya gefen kuma ya fi sanyi, saboda da ɗumin muhalli take narkar da abinci, wanda a lokacin hunturu sai an kula ƙwarai. Babba takan ci ɓera ɗaya cikin kwana 10 zuwa 14, kuma takan ƙi ci idan za ta yi saɓa. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta, domin macizai suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai haddasa gudawa.