Injin wanke kwanukana yana wari, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na san filin nan na waya da kwamfuta ne, amma a taimaka mini. Wata takwas ke nan da muka sayi injin wanke kwanuka, yanzu da na buɗe ƙofarsa sai ɗoyi ya bugi hancina, kofuna ma da ƙarni suke fitowa. Na ƙara sabulu, na kunna turaren wuta a kicin, duk a banza. Daga wata uwargida a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba ki yi ɓatan kai ba, ai shi ma wannan injin ƙaramar kwamfuta ce ke tafiyar da shi. Sai dai matsalarki ba ta lantarki ba ce, kuma ina kyautata zaton tun da aka kawo shi ba a taɓa cire rariyarsa ba.

Ki zaro kwandon ƙasa. A gindin injin, ƙarƙashin hannun nan mai juyawa yana fesa ruwa, za ki ga wani abu kamar kofin roba, shi ne rariyar. Ki murɗa shi hagu ki ɗago, sannan ki zare faffaɗar ragar ƙarfen da yake zaune a kai. Ki shirya hancinki: ƙwayoyin shinkafa da suka kumbura, 'ya'yan tattasai, ƙayar kifi, ga wani farin maiƙo mai yauƙi ya lulluɓe su. Yawancin injinan yanzu ba sa niƙa ragowar abinci, tara shi suke yi a nan har sai an kwashe. Ruwan zafi, sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori sun isa. A gidan da ake girki kullum, ki riƙa yin haka duk mako. Ki kuma goge robar bakin ƙofa, musamman lungun ƙasa inda feshin ba ya kaiwa.

Sai batun zafi, wanda ya fi shafar irin girkinmu. Tsarin Eco da kowa ke dannawa don tattalin wuta, zafinsa kusan digiri 50 ne. Manja da kitsen rago ba sa fita sarai a haka, sai su daskare a bututu. Sau ɗaya a wata ki kunna injin ba kayan wanki a ciki, a tsarin da ya fi zafi, wajen digiri 70, ki ajiye kofi ɗaya na farin khal (vinegar) a cikin kwano a kwandon sama. In da sauran wari, ki barbaɗa bekin soda a ƙasa ki sake gajeren wanki. Daban-daban fa, domin in suka haɗu kashe ƙarfin juna suke yi. Khal ɗin ma kada ya zama na kullum, yana gajiyar da roba. Bilic kuwa, irin su Hypo da Jik, kada ya kusanci khal ko kaɗan: haɗinsu yana fitar da iskar kulorin mai guba, kuma yana ɓata ƙarfen cikin injin.

Idan warin na ruɓaɓɓen ƙwai ne, ki leƙa ƙarƙashin sinki. Tiyon da ke fitar da ruwa ya kamata ya hau sama har kusa da kan kanta kafin ya sauko ya shiga magudana. In mai haɗawa ya bar shi kwance a ƙasa, ruwan kwata ne ke komowa ciki. A injinan Bosch, alamar E22 na nufin rariya ta toshe, E24 kuma tiyo ne ya toshe ko ya lanƙwashe.

In aka ɗauke wuta ana tsaka da wanki, kada ki bar ruwan ya kwana biyu cikin zafin nan. Wuta na dawowa ki sa ya zubar. Bayan kowane wanki ki bar ƙofar a ɗan buɗe ya sha iska. Ɗan ruwan da ke kwance a ramin rariya kuwa, haka aka yi shi.

Amma in ƙaurin ƙonewar roba kika ji, ki kashe daga soket nan take, ki duba ko cokalin roba ne ya faɗa ƙasa ya narke. In ba ki ga komai ba, ki kira mai gyara.