Dabul ɗin da ake ce miki ki yi

Ɗiyata, saƙonki ya iso tun daren jiya, sai yanzu na samu zama. Kin ce ƙawarki ta kawo miki naira dubu 20 ranar sunan ɗanki, yanzu ita ma ta sauka, ana ta ce miki sai kin yi mata dabul. Kina son sanin ko al'adarmu ce ko yayin zamani, da kuma inda kalmar ta fito, tunda ni ce tsohuwar malamar Turancin gidan.

Kalmar dai ba tamu ba ce, double ce muka lanƙwasa ta zauna a bakinmu. Abin dariyar, su ma mutanen Ingila aro suka yi. A 1066 wani basarake mai suna Wiliyam ya taso daga Nomandi a arewacin Faransa ya ci Ingila da yaƙi, sai Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a har wajen shekara 300. Ta wannan ƙofa doble ta shiga Turanci. Faransanci kuwa a wurin Latin, harshen Rumawan dā, ya gaje ta, inda ake cewa duplus: gaban kalmar biyu ne, bayanta kuma daga tushen ninke abu yake. Ta gadon mutanen Ingila, twofold, ita ma hakan take nufi, biyu da ninki. To ɗauki zanenki ki haɗa baki da baki, me ya zama? Ninki biyu. Mu da su duk daga ninki muka gano lissafin, ba wanda ya koya wa wani.

Al'adar kuwa ta girmi kakarki. Biki ake ce mata, kuma tsakanin mata take. Ina ƙarama ni ake zaunarwa a ƙuryar ɗakin Inna da littafi da fensir, don ni kaɗai ce 'yar boko a gidan. Kowace mata ta shigo ta kwance bakin zani, sai a ce, rubuta, wance sule biyu, wance kwanon shinkafa. Wannan tun kafin naira ta zo a 1973 ke nan. Ranar da hidima ta faɗo gidan wance sai a ciro littafin daga ƙasan adaka, mai sule biyu a kai mata huɗu. In ta tashi dawowa ta zo da takwas.

Abin da 'yan yanzu suka manta shi ne, tsofaffi ba sa barin abin ya yi ta hawa. Sun san lissafi ko ba su je aji ba. Dubu 20 ɗinki in aka yi ta ninkawa, a zuwa na biyar ta kai dubu 320, wa zai iya? Da ya fara nauyi sai ƙawayen su yi magana a tsakaninsu, a sauko ƙasa a sake farawa, ba mai jin haushi. Ƙarin kuma ba riba ake nema da shi ba. In kin mayar daidai abin da aka ba ki, kamar kin ce mun rabu ke nan, ba ki bina ba na bin ki. Ɗan abin da ya hau shi ke sa ta sake tako ƙafa gidanki. Na ji malamai suna faɗa a kan masu mayar da shi bashin dole, har da aike da gori, kuma ina bayansu. Na taɓa ganin wadda ta sayar da tunkiyarta da ciki don kar a yi da ita a gidan suna, raina bai so ba.

Ke dai kin san albashin mijinki, kin san kuɗin makarantar yara na tafe. In dubu 40 ba za ta taɓa tukunyarki ba, ki kai. In za ta taɓa, ki sa 25 a ambulan, ki haɗa da turmin atamfa ko sabulu da kayan jariri, ki je da sassafe ki kama mata aiki. Ki biyo ta nan in za ki, akwai yajin daddawa da na daka wa mai jegon.