Littafi biyu ne, yarona

Jiya bayan la'asar ka tare ni a bakin ɗakin saba kana cewa, "Oga, tunda Neutron ke kula da netiwok a OpenStack, me kwantirola ya zo yi? Na kashe shi don gwaji, tsofaffin VM ba su daina magana da juna ba, sai sabuwar da na ƙirƙira ce ta ƙi samun layi. Wane irin shugaba ne zai mutu ba a ji ba?" Ina sauri lokacin, ga amsarka yanzu.

Ka tuna tashar mota. Akwai mai rubuta sunayen fasinja, akwai mai sallamar motoci, akwai direbobi. Neutron, sashen netiwok na OpenStack, manhajar da ke raba sabobi zuwa injunan kwaikwayo da ake kira VM, mai rubutu ne kawai. Kai ka ce kana son netiwok kaza da ƙofa kaza, wato inda VM ke jonuwa da netiwok, ya rubuta a littafinsa, sannan ya tura ɗan aike ta hanyar ML2, tsarin da ya shigo a 2013, shekarar da aka canza wa Neutron suna daga Quantum. Kwantirola shi ke karɓar saƙon ya mayar da shi dokoki, a zuba su cikin Open vSwitch, wato suwic na manhaja da ke cikin kowace saba. Motar da ta riga ta kama hanyar Illela ba ruwanta da an rufe ofis, za ta isa. Wadda ba a yi wa lodi ba ita ce za ta kwana a tasha. Abin da ka gani ke nan.

Mu kwantirolan da muke amfani da shi OVN ne. Na taɓa fama da wani kwantirolan, OpenDaylight, wanda ya fito ƙarƙashin Linux Foundation a 2013, Java ne, ga cin ƙwaƙwalwa, kuma ɗan aiken da ke haɗa shi da Neutron yanzu an daina kula da shi. OVN kuwa mutanen Open vSwitch suka fara shi a 2015, tun 2020 ɗan aikensa ya koma cikin Neutron kansa. Ga ƙaramin wuri irin namu ban ga dalilin ɗora wa kai wani kaya ba.

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne nan. Daga ranar da ka haɗa su, littafi ya zama biyu: na Neutron daban, na OVN daban. Shi ma OVN kundinsa biyu ne, na arewa a ƙofar sadarwa mai lamba 6641 inda Neutron ke rubuta abin da yake so, na kudu a 6642 inda kowace saba ke karanta abin da za ta yi, ovn-northd na tsakiya yana tafinta. Muddin sun yarda da juna, lafiya lau. Ranar da suka saɓa, ranar za ka san aiki.

Wata shekara cikin zafin Afrilu, a wani wuri da muka yi wa aiki, wuta ta ɗauke, batiran inbata sun riga sun sha rana sun gaji, saba ɗaya tilo da ke ɗauke da kundin ta mutu ana tsakiyar goge wata ƙofa. Neutron ya ce ya goge, OVN bai ji ba. Kwana biyu ina zargin waya da suwic, ashe fatalwar ƙofa ce ke riƙe da adireshi. Laifina ne, ni na yarda aka sa kundin a saba ɗaya don tsimin kuɗi. Yanzu uku nake sawa, idan ɗaya ta faɗi biyu su ci gaba da yanke hukunci, kuma ba na jona su a layin wuta ɗaya. In ka ga alamar saɓani, ka kira neutron-ovn-db-sync-util, manhajar daidaita littattafan biyu, amma ka fara da yanayin da zai nuna maka bambanci kawai. Ka karanta da idonka kafin ka ce ya gyara, domin gyaransa har da gogewa.

Sai batun girman ƙunshi, wato ɗaurin bayanai da ke tafiya a waya. Sabobinmu suna magana ta bututun da ake kira Geneve a ƙofar sadarwa mai lamba 6081, shi kuma yana cin bayit 58 a kowane ƙunshi. Idan wayarka 1500 take ɗauka, 1442 ya rage wa VM. In ka manta, ɗan saƙon gwaji na ping zai tafi ya dawo, ka ce an gama, amma shafin intanet ya tsaya cak a rabi.

Gobe in Allah ya kai mu, ka ƙirƙiri ƙofa ɗaya a injin gwaji, ka bi ta a kundin arewa da ovn-nbctl, ka bi ta a kundin kudu da ovn-sbctl, har ka gan ta a br-int, gadar Open vSwitch da VM ke jonuwa da ita. Ka zo da abin da ka gani a rubuce kafin azahar.