Kalma nawa zan rubuta a shafina? (murya daga guruf)

Assalamu alaikum jama'a. To ƙanwata, na saurari muryarki tun da safe, aiki ne ya riƙe ni. Kin ce kin buɗe shafin intanet na darussan kwamfutar da kike koyarwa, kina tambaya kalma nawa ya kamata ki rubuta a shafin farko don Google ya ɗora ki a saman sakamakon bincike. Na kuma ga Malam ya ce ki cika kalma 2000. Allah ya gafarta Malam, a yi min afuwa, a nan kam ban bi ka ba. Su Google ɗin da kansu sun rubuta a jagorar da suka yi wa masu shafuka cewa ba su da wani adadin kalmomi da suka fi so. Babu shi. Wannan mun gama da ita.

Amma ni ba na jin lissafin kalma ne ya dame ki. Abin da na ji a ƙarshen muryar taki shi ne mutane suna shiga, kina ganin adadinsu, amma ko mutum ɗaya bai kira ba. Ai wannan ce tambayar. Na shiga shafin na duba da wayata, kuma kar ki ji haushi, zan karanto miki abin da ya fara tarbata. Dakata... yauwa, ga shi: "Barka da zuwa shafinmu. Mun himmatu wajen samar da ingantaccen ilimin zamani domin ci gaban al'umma, bisa ƙwarewa da gaskiya da riƙon amana." Haba ƙanwata, wa bai himmatu ba? Cire kalmar ilimi ki sa lafiya, ya zama shafin asibiti. Ki sa sufuri, ya zama na kamfanin motoci. Sai da na murza allo sau huɗu da babban yatsa kafin na gano ashe Excel da Word kike koyarwa. Ni kenan da na shiga da niyyar dubawa. Wanda ba ya jin nauyinki fa? Tun a murzawa ta biyu ya fita.

Mutane ba karanta shafin intanet suke yi ba, ido kawai suke bi da shi suna neman abin da ya kawo su. Kuma ba ra'ayina ba ne. Akwai wani mutumin Denmak, Jakob Nielsen, ya yi gwaji a kan wannan tun 2007... a'a, af, 1997, tun kafin wayoyin nan na shafawa su fito. Cikin mutanen da aka gwada, kashi 79 cikin 100 tsallake-tsallake suke yi, kashi 16 kacal ke bin rubutu kalma bayan kalma. Abin da ya fi burge ni ma, sun ɗauki wani rubutu na tallar wuraren yawon buɗe ido a jihar Nebraska ta Amurka, irin mai cike da kirarin nan, suka rage shi kusan rabi, suka jera wuraren ɗaya bayan ɗaya, suka cire zuzutawar. Da suka auna sauƙin amfani da shi, ya ƙaru da kashi 124. Kuma cire kirarin ma kaɗai ya taimaka, don mai karatu yana ɓata ƙwaƙwalwa wajen tace gaskiya daga cikin cika baki. Daga baya a 2006 suka sa na'urar da ke bin motsin ido, mutum 232, suka ga ido yana zana wani abu kamar harafin F: layin sama a karanta, a ɗan sauko a karanta rabin wani layi, daga nan sai a gangara ta gefen hagu ana cafkar kalmomin farko kawai. To ke a wannan layi na sama, wuri mafi tsada a shafin gaba ɗaya, "barka da zuwa" kika ajiye.

Da ni ne, ga abin da zan sa: "Koyi Excel da Word daga tushe cikin sati 6, Asabar da Lahadi. Sabon aji zai fara ranar kaza." Sai lambar waya a ƙasansa, wadda in an taɓa ta za ta kira. Shi kenan. Tarihinki da takardunki su biyo baya, wanda ya damu zai sauka ya gani. 'Yan jarida sun daɗe da sanin wannan, labari ana gina shi ne kamar dala da aka kifa, mai nauyin a sama, ƙananan bayanai a ƙasa, ta yadda duk inda mai karatu ya tsaya ya riga ya kwashi abin da ya fi muhimmanci.

Wannan abu ni ya taɓa ƙona min rai, wallahi har yau in na tuna sai na ji wani iri. Wani kamfani ne na masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ba zan kama suna ba. Na zauna na rubuta musu shafin farko tsaf. Layi uku: abin da suke gyarawa, awa nawa suke ɗauka kafin su iso, da lambar kira. Saboda ki yi tunani, wa ke neman mai gyaran AC? Mutumin da nasa ya mutu yanzun nan, gumi na zubo masa, waya a hannu ɗaya. Na kai wa shugaban kamfanin, ya duba, ya juya wayar, ya sake dubawa, ya ce, "Ina jawabina?" Na ce ranka ya daɗe, yana shafin "game da mu". Ya ce a'a, mutane su fara sanin wa suke hulɗa da shi. Aka ɗora hotonsa a sama ya harɗe hannuwa a ƙirji, ƙarƙashinsa sakin layi biyar. Biyar! Yadda aka kafa kamfani, burinmu, manufarmu, ƙudurinmu. Ni har yau ban san bambancin burinmu da manufarmu ba, shi ma na tabbata bai sani ba. Lambar wayar kuwa, ita ce ta fi ba ni takaici, ya ce a saka ta cikin hoton da mai zane ya ƙawata musu da launin kamfani, can ƙasa. Lamba a cikin hoto! Ba ta dannuwa, ba ta kwafuwa, sai mutum ya haddace ta ya fita ya buga. Google bai ɗauke ta a matsayin rubutu ba, makaho da manhaja ke karanta masa allo bai ma san tana wurin ba. Bayan wata uku ya kira ni wai shafin da na yi ba ya kawo kowa. Shafin da na yi! Na ce ranka ya daɗe, wanda na yi yana cikin kwamfutata, wannan naka ne. Daga nan dai aka daina ɗaukar wayata. Har ya ce a kirarin a ƙara "na ɗaya a fagen", na ce wa ya ƙirga? To, bari in bar shi, Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Ina ma na tsaya? Yauwa, tsawo. Bari in gyara wata magana, kar Malam ya ce na ce dogon rubutu haramun ne. Ba haka nake nufi ba. In shafi ne da ke koya wa mutum yadda ake haɗa lissafi a Excel mataki-mataki, ya kai kalma 2000 ɗin ma ba laifi, don wanda ya zo, koyon ya kawo shi. Amma ko shi a yanka shi da ƙananan kanu, kowane kai ya faɗi abin da ke ƙarƙashinsa. "Yadda ake tara lambobin layi ɗaya" kai ne. "Kashi na biyu" ba kai ba ne. Sakin layi kuma a tuna a waya za a karanta shi, abin da ya ci layi uku a kwamfutarki, a waya ya zama bango. Jimla ma haka. Gwamnatin Birtaniya, da suka buɗe shafinsu na GOV.UK a 2012, ƙa'idar da suka ba marubutansu ita ce jimlar da ta wuce kalma 25 a duba ko za ta rabu biyu. Gwamnati fa, su da aka sani da dogon turanci. Ke gwajin da ya fi sauƙi, karanta shi da ƙarfi. Duk inda numfashinki ya ƙare kafin jimla ta ƙare, nan ne wurin aya.

Sai kuma "danna nan". Na ƙirga guda shida a shafinki. Danna nan, danna nan, danna nan. In danna in je ina? Mai bin shafi da ido, kalmomin nan masu launi su ne ke fara tsone masa ido, sai ya ga shida duk iri ɗaya. Makafi ma manhajarsu tana iya jero musu wuraren dannawa su kaɗai, ba tare da sauran rubutun ba, ki ji yadda zai kasance: danna nan sau shida. Rubuta "Duba jadawalin aji", rubuta "Yi rajista". Hotuna kuma akwai gurbin da ake rubuta bayanin abin da ke ciki, ki cike shi, jimla ɗaya ta isa.

Na ga kuma wani ya ba ki shawarar maimaita "koyon kwamfuta" a kowane layi. Wannan dabara ta tsufa. Tun 2009 Google suka sanar ba sa la'akari da ɓoyayyen gurbin nan na cikin shafi da ake cusa kalmomin bincike, a 2011 kuma suka fito da wani sauyi a tsarin bincikensu da ake kira Panda, wanda ya dankwafar da shafuka masu rubutun cika wuri. Kalmar ta fito a taken shafi da layin farko, yadda mutum zai faɗe ta da bakinsa, ya wadatar. Taken nan shi ne ke fitowa a sakamakon bincike, kuma in ya wuce wajen haruffa 60 sai a datse wutsiyar. Naki yanzu "Shafin Farko" yake cewa. Ki je ki duba, wallahi haka yake cewa.

Akwai kuma maganar haruffa masu ƙugiya, su ƙ da ɗ da ɓ, tunda yawanci ba a sa su in ana bincike a waya... a'a, wannan doguwa ce, kuma na san sai mun yi musu da Malam, a bar ta sai wani lokaci. Muryar ma ta kusa minti tara.

Ke dai yau ki goge sakin layin nan na farko, kar ki ji tausayinsa. Ki rubuta layi uku, ki miƙa wa wanda bai san sana'arki ba wayar, ki ƙirga daƙiƙa biyar ki karɓe, ki tambaye shi me ake koyarwa, yaushe, kuma ta ina zai same ki. Ki turo min layukan ta akwatina in kin gama, ba a guruf ba, zan duba bayan isha'i.